Wai Libiyawa sun san abin da ke kawo ciwon daji kuwa?

Mai_Gahawa_Misrata:
Salamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai. Ƙanin mudirina, wato mai shagon gahawar da nake wa aiki, ya rasu makon jiya, sankarar huhu, ko hamsin bai cika ba. Sau uku ana kai shi Tunisiya, an sayar da mota, an sayar da gwal ɗin matarsa, daga ƙarshe aka dawo da shi gida ya cika. Kwana ukun zaman makoki ni nake zagayawa da shayi da ruwa a cikin rumfa, don haka kunnena ya sha magana. Duk wanda ya zauna abu ɗaya yake faɗi: bama-baman NATO ne na 2011, guba ta shiga ƙasa ta shiga ruwa. Wani ya ce kajin ƙanƙara ne da ake shigowa da su. Wani dattijo ya rantse ido ne ya kama shi, don bara ya ɗora bene a gidansa.

Ni kuwa shekara shida na san marigayin. Kwali biyu na sigari yake sha a rana, da dare kuma ya zauna kan shisha a shagonmu sai mun ɗauke kujeru. A kwana ukun nan ban ji mutum ɗaya ya ambaci taba ba. Masu maganar ma zagayawa bayan rumfa suke yi su kunna tasu. Da na zo shara da safe, babban gwangwanin tumatir na cika da guntayen sigari.

Shi ne nake tambaya, ku da kuka daɗe a ƙasar nan: rashin sani ne, ko sun sani ba sa so su faɗa?

Dan_Tanut:
Allah ya jiƙan musulmi. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

Bagobiri77:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Larabawan ga. Mi ya sa kakanninsu da sunka sha taba sunka kai shekara casa'in? Wata bakwai ana ruwan wuta bisa ƙasar ga, ka ce ba ya barin komi? Je Sirt ka gani da idonka. Kowane gida ka shiga yanzu akwai mai wannan ciwo. Da can ba haka ba ne.

Bagaten_Asali:
Malam Mai Gahawa, ta'aziyya gare ku. Amma tambayar taka ta yi min nauyi. Ni a Gat aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, Hausa muke yi a gida kuma Balibiye nake. Wane ɗan makaranta ne a ƙasar nan bai san taba na kawo ciwo ba? A jikin kwalin ma an rubuta. Kai a rumfar makoki kake so mutum ya miƙe gaban 'yan'uwan mamaci ya ce shi ya kashe kansa? Ko a Kano ko a Damagaram wa yake yin haka? Laifi tudu ne. Mu da ke cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura sai ya fusata, mu ne za mu ce wasu ba su waye ba?

Mai_Gahawa_Misrata:
@Bagaten_Asali ka yi haƙuri Yaya, ban faɗa don raini ba, gishirin ƙasar nan nake ci. Maganarka ta rumfa gaskiya ce, na karɓa. Sai dai ba a rumfa kaɗai ba ne. Tun yana kwance wata takwas ake wannan hira a shago, kuma NATO ce dai.

Saidali_Maiwurno:
Ya jama'a, bari in sa baki. Ni Bahaushen Sudan ne, shekara goma sha ɗaya ina aikin kantin magani a Bengazi, masu wannan ciwo da danginsu kullum suna gabana da takardar likita.

@Bagobiri77 a nan Bengazi akwai rajistar masu ciwon daji, inda ake rubuta duk wanda aka gano yana da shi a gabashin ƙasar. Alƙaluman da suka fitar na shekarar 2003 sun nuna sankarar huhu ce kan gaba a maza, ta mama ce kan gaba a mata, ta hanji kuma tana biye. Ka lura da shekarar. Shekara takwas kenan kafin jirgin NATO ko ɗaya ya tashi. Sannan a 2009 an yi babban binciken lafiya na ƙasa tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka samu kusan rabin mazan Libiya suna shan taba, mata kuwa ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. To bam ba ya zaɓen namiji ya bar mace. In guba ce daga sama ta kawo sankarar huhu, me ya sa ta fi yawa nesa ba kusa ba a maza?

A duniya gaba ɗaya, cikin masu sankarar huhu goma, takwas zuwa tara taba ce. Kuma ba huhu kaɗai take ci ba, har maƙogwaro da baki da mafitsara.

Amsar tambayar Mai Gahawa a wurina ita ce: taba sun sani, sanin baki. Abin da yawancinsu ba su haɗa shi da ciwon daji ba shi ne ƙiba, da rashin motsa jiki, da naman da aka sarrafa, da ƙwayoyin cuta irin na ciwon hanta. In ka ce wa mutum tumbinsa na iya kai shi ga sankarar hanji, dariya zai yi maka.

Bagobiri77:
To Malam Saidali, su NATO ɗin ba su yi amfani da harsashen yuraniyam ba?

Saidali_Maiwurno:
Sun ce ba su yi ba a Libiya.

Bagobiri77:
Ɓarawo ya taɓa cewa shi ya ɗauka? 😂

Dan_Arlit:
Tunda an zo kan yuraniyam, ku ba ni wuri, garinmu ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, akwai yuraniyam ɗin Nijar jibge a kudancin Libiya. Zamanin Gaddafi aka saye shi, tsakanin 1978 da 1981, garin nan rawaya da ake zubawa a duro. Gaddafi ya watsar da shirin nukiliya a ƙarshen 2003 amma durorin suna nan wajen Sabha. A watan Maris na 2023 hukumar nukiliya ta duniya ta ce duro goma sun ɓace, wajen tan biyu da rabi, bayan kwana kaɗan sojojin Haftar, kwamandan gabashin Libiya, suka ce sun gano su. Sai kuma gwajin bam da Faransa ta fara a Reggan ta Aljeriya a 1960, wanda har yau mutanen Fezzan a kudancin Libiya ke cewa iska ta kawo musu ƙurarsa. Saboda haka in Balibiye ya ce yana tsoron yuraniyam, ba daga sama ya tsinci tsoron ba.

Amma ni da na tashi a Akokan, mahaifina ya yi aikin rami har ya yi ritaya, abin da likitoci ke gaya wa ma'aikata kullum shi ne: iskar cikin rami tana da haɗari ga huhu, in ka haɗa ta da sigari haɗarin ninkuwa yake yi. Wanda ya fi kowa kusa da yuraniyam ma taba aka fara hana shi. Balle mai zaune a Misrata bakin teku.

UmmuHanan_Tarabulus:
Ku maza kuna ta bam da yuraniyam, ku bari in ba ku na cikin gida.

Shekara huɗu ina aiki gidan wata Hajja a nan Tarabulus, mace mai kirki, ita ta koya min tuƙa bazin. Wata rana ina wanki na ga ɗigon jini-jini a rigar mamanta, gefe ɗaya. Na yi shiru. Sati na zagayowa na sake gani. Da na samu ta ita kaɗai a kicin na ce Hajja lafiya kuwa? Sai ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri. Ashe ta kusa shekara da jin ƙullutu. Man zaitun da aka yi wa tofi take shafawa, tana shan zuma da habbatus sauda. Na ce me ya hana ki zuwa asibiti? Ta ce abu uku. Na ɗaya ba ya mata zafi, kuma a saninta mugun ciwo da zafi yake zuwa. Na biyu kada a haɗa ta da likita namiji. Na ukun shi ne babba: 'yan mata uku gare ta ba su yi aure ba, in magana ta fita cewa ciwon yana gidan, wa zai zo nema?

Ko sunansa ba sa kamawa. Sai dai su ce "almaradul habis", wato mugun ciwo, ko "wancan ciwon", su bi da neman tsari. Da aka tafi da ita Safakus ta Tunisiya aka cire maman, maƙwabta ce musu aka yi aikin gwiwa aka je. Da ta dawo kuma matar ɗanta ta ware mata kofin shayinta daban, wai kada yara su ɗauka. Wannan ya fi yi mata ciwo a kan aikin da aka yi mata. Ni nake ɗaukar kofin in sha ruwa da shi a gabansu da gangan.

Tana nan da rai Alhamdulillah, amma likitan ya ce da ta zo da wuri da ba a kai ga haka ba.

Hajiya_Mai_Turare:
@UmmuHanan Allah ya saka miki 'yar'uwa. Wallahi kamar labarin yayata kike bayarwa, a Maradi. Ita cewa aka yi kishiya ce ta yi mata jifa. Wata tara ana shafe-shafe da hayaƙi, sai da wurin ya fashe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu mata mun gwammace mu ɓoye har ranar wankan gawa.

Dalibar_Likita:
Anti UmmuHanan, abin da kika gani an ma auna shi. An yi nazari kan mata 200 masu sankarar mama da ke karɓar magani a cibiyar Sabrata, aka ga tsaka-tsakin lokacin da ke wucewa daga ranar da mace ta fara jin alama zuwa ranar da aka tabbatar da ciwon wata bakwai da rabi ne. Shi ya sa da yawa sai ciwon ya yi nisa ake gano shi. Kuma a Libiya yana kama mata da sauran ƙuruciyarsu, 'yan arba'in da wani abu, ba kamar Turai ba inda ya fi yawa bayan hamsin.

Gyara biyu don masu karatu. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kofi ko tufafi ko kwanciya ɗaki ɗaya. Sannan na gado kaɗan ne, biyar zuwa goma cikin ɗari. Amma 'yan matan Hajja ya kamata a gaya musu gaskiya don su riƙa duba kansu, ɓoyewar ita ce cutarwa.

Ƙullutun da ba ya zafi shi ne ma abin tsoro.

Bagaten_Asali:
Kun ga irin wannan maganar ba na musu da ita. Kunya da tsoron bakin mutane akwai su, ba na ɓoyewa. Amma a faɗi alheri kuma. Duk watan Oktoba ana gangamin sankarar mama a makarantu da asibitoci, 'yata da kanta ta zo min da takardar da aka raba musu. Akwai cibiya a Misrata, akwai a Sabrata, akwai a Sabha. Rigakafin cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa tun 2013 aka sa shi cikin alluran 'yan mata a Libiya. Najeriya sai 2023 ta fara. Matsalarmu mu na kudu nisa ce. Daga Gat zuwa Tarabulus ya haura kilomita dubu. Mutum ya san yana da ƙullutu, to ya tafi da me? Ya sauka gidan wa? Wani lokaci ka je a ce allurar kimawi, wato ta ciwon daji, ta yanke, ka saya a waje da kuɗin da ba ka da shi. Sanin da ba ya kai ka ga magani, mutum gara ya ce ido ne ya huta.

Tsohon_Direba:
Ni tambaya gare ni. Shekara ashirin ina hanyar Agadas zuwa Gatrun. Man fetur da baki muke zuƙo shi daga duro, tiyo a baki har sai ya taho, wani lokaci ka haɗiye. Hannu kuwa da shi muke wanke baƙin mai. Wannan fa? Sigari dai ban taɓa sha ba, garin taba da kanwa kawai nake sawa a leɓe.

Saidali_Maiwurno:
Baba Direba, biyun duka ka bari. A cikin fetur akwai wani sinadari, benzin, an tabbatar yana kawo sankarar jini, ta numfashi yake shiga ta fata kuma yana shiga. Famfon hannu na roba ba shi da tsada. Garin taba kuwa, mu a Sudan tumbak muke ce masa, shi ma da kanwa ake haɗa shi, kuma likitocin haƙori a Khartum sun gaji da ganin sankarar baki daidai wurin da mutum ke ajiye shi. Ka ɗaga leɓenka gaban madubi. In ka ga farin tabo da ba ya gogewa, ko gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba, kada ka jira.

Tsohon_Direba:
To fa. Mu da muke ganin mun fi masu hayaƙi.

Dan_Tanut:
Mu 'yan mazra'a, masu aikin gona, fa a nan Sabha? Mudir ya ba ka jarkar maganin ƙwari ka goya, ba safar hannu ba abin rufe hanci, rawani kawai. Yau a fesa wa tumatir, jibi a tsinka a kai kasuwa. Su kansu masu gonar ba sa cin na sayarwa, akwai ɗan fegin da suke ware wa gida. Kenan sun san wani abu.

Bagobiri77:
Yauwa! Ka ji ko. Abinci ne da guba, ba taba ba.

Dalibar_Likita:
@Bagobiri77 Kawu, ba "wannan ko wancan" ba ne. Wasu magungunan feshi ana zarginsu da gaske, kuma wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai goyon jarkar irin Dan_Tanut, fiye da mai cin tumatir ɗin. Amma in ana maganar abinci, abin da aka fi tabbatarwa ba shi mutane ke tsoro ba. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su tsiran gwangwani da naman da aka adana da gishiri, cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanji. Ku dubi cimar gari: farin burodi da safe, makaroni da rana, jan nama, lemon kwalba, shayi mai sukari kamar zuma sau uku, sannan daga ƙofar gida sai mota. Ganye da wake sun yi ƙaranci. Ƙiba kuma ta fi yawa a mata, ga ta da alaƙa da sankarar mama bayan daina al'ada da ta mahaifa.

Wanda ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye: gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a ajiya suna da gubar da ke cin hanta, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B abin ya fi muni. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa yin gwajinsa?

Maganar kakanni kuma, da yawansu ciwo ya kashe su ba a san sunansa ba, an ce ajali. Yanzu akwai na'ura, kuma mutane sun fi daɗewa a duniya, shi kuwa ciwon daji ya fi bin shekaru.

Alaramma_Ubari:
Ina karantawa tun ɗazu. Ido gaskiya ne, ya zo a hadisi, kada ilimin boko ya sa mu yi wasa da shi. Amma wanda ya ce ido gaskiya ne shi ya ce ku nemi magani. Ni ana kawo min mutane tofi, Larabawa da Tubawa da namu. In na ga ƙullutu ko rama ko jini, ina yin addu'a in ce gobe a tafi a yi tahalil, wato gwajin asibiti, kada a dawo min sai da takarda. Wasu suna jin haushi su koma wurin wanda zai ce musu sihiri ne ya sayar musu da ruwa a jarka. Har nonon raƙumi da fitsarinsa na ga an bar allurar asibiti an koma wa, mutumin bai yi wata uku ba.

Sabon_Zuwa:
Ni dai an ce min ruwan roba da ya kwana a mota cikin rana shi ne ke kawowa, da sa waya a aljihun gaba. Har na daina.

Hajiya_Mai_Turare:
Ka daina waya, sigarin fa? Ba kai ne ka sa hoto da kara a baki ranar Sallah ba?

Sabon_Zuwa:
Hajiya a rufa asiri mana 🙈

Bagaten_Asali:
Kun gani ko, @Mai_Gahawa_Misrata. Ga naka nan a cikin zaure, ba sai ka je rumfar Larabawa ba. Kuma in tambaye ka: kai da kake kwana cikin hayaƙin shisha kana hura garwashi, ka taɓa lissafa kanka?

Mai_Gahawa_Misrata:
Wallahi Yaya ban taɓa ba. Ni ba na sha, amma ni nake fara ja in tayar da ita kafin in miƙa wa mai saye, sau talatin ko fiye a dare. Lokacin sanyi kuma rufe ƙofa ake yi a saukar da leda. Malam Saidali, ba an ce ruwan da ke ciki yana tace dattin ba?

Saidali_Maiwurno:
Sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa ake iya zuƙa da yawa ba a yi tari ba. Ga hayaƙin taba ga na gawayi. Ja talatin a dare, ɗan'uwa, kai ma mashayi ne, kuɗin ne kawai ba ka biya. Ka nemi a mayar da kai wajen injin gahawa.

Dan_Tanut:
Tunda likitoci na kusa. Akwai yaron da muke aiki tare, ɗan wajen Mirya, yana fitsari da jini a ƙarshe. Ya ce tun yana yaro yake yi, tsargiya ce, a garinsu kowa na yi. Ba ya da takardu, yana tsoron asibitin gwamnati.

Dalibar_Likita:
Tsargiya tana da magani, ƙwayoyi ne ake sha bisa nauyin mutum, amma in ta shekara da shekaru a mafitsara tana iya zama sanadin sankara. Ya je ɗakin gwaji mai zaman kansa a duba fitsarin tukuna, kada ya sayi magani da ka. In yana shan taba ka gaya min.

Dan_Tanut:
Yana sha. Zan kai shi ran Asabar in mudir ya ba mu kuɗin wata.

Bagobiri77:
Ni dai har yanzu ban yarda bama-bamman ga ba su yi komi ba. A je a auna ƙasar Sirt tukuna.

Mai_Gahawa_Misrata:
Jiya mudir ya dawo shago, karon farko tun rasuwar. Na daure na ce masa Hajj, likitocin Tunisiya me suka ce ya jawo? Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce tambayar farko da suka yi ita ce kwali nawa yake sha. Ya ce shi ma ya bar sigari tun ranar da aka yi jana'iza, ya rantse ba zai ƙara ba. Na ce Alhamdulillah. Sai ya ce in haɗa masa shisha mai tuffa, wai ita ba ta da nauyi.

UmmuHanan_Tarabulus:
Ka haɗa?

Mai_Gahawa_Misrata:
Na haɗa, Anti. Amma na ce shi zai tayar da abarsa, ƙirjina na ciwo. Maganar komawa wajen inji kuma ya ce sai wanda ke kai ya tafi hutu.